Warin da Turaren Gwaggo Ya Rufe

Sallama gare ku, 'yan uwana mata, da mazan da Allah ya hore wa haƙurin karanta zancen mata. Labarin wata jinya zan ba ku, wadda na yi bayan haihuwata ta fari, saura ƙiris ta raba ni da mahaifata. Akwai maganganu a ciki da ba a saba yin su a bainar jama'a ba, a yi mini afuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sunana Rabi. Ina koyarwa a wata firamare a Darmanawa, aure kuma ya kai ni Ƙauyen Alu. Ni kaɗai mahaifiyata ta haifa, ta rasu ina ƙarama, sai yayar babana, Gwaggo Tabawa, ta ɗauke ni ta riƙe a gidanta na Gyadi-Gyadi. Na san zaman tilo. Na san yadda yake a tare ka a hanyar islamiyya ba ka da wani yaya da za ka yi barazana da sunansa. Shi ya sa tun ina budurwa burina bai wuce in cika ɗaki da yara ba, su yi ta hayaniya har in kore su waje.

Halina da ya ishi kowa shi ne tambaya. Gwaggo ba ta kirana Rabi sai in na yi laifi, sunana a wurinta Me-ya-sa. Ita kuwa Gwaggo, a layinmu duk wadda ta haihu, kafin a gaya wa dangin miji an aika mata. Wankan jego ne fasaharta, kuma tana tinƙaho da shi. Takan ce mai jegon da ta fito daga hannunta ko makaho ya san ta, saboda ƙamshi. A wurinta, mai jego ta yi ƙarni ba laifin mai jego ba ne, abin kunya ne ga wadda take mata wanka.

Da damina na haihu. Ruwa ya fashe mini da hantsi, amma babu ciwo ko kaɗan. Gwaggo ta ce a jira naƙuda ta kankama, don in aka je da wuri sai su fara zancen tiyata. Sai washegari muka tafi wani ƙaramin asibiti a unguwa, na sha doguwar naƙuda, Allah ya sauke ni lafiya, aka sami Ummi. Daga can aka wuce da ni Gyadi-Gyadi wankan gida.

Satin farko, gaskiya, na ji daɗin duniya. Safe da yamma Gwaggo ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini har sai na daina jin ƙafafuna. Ina fitowa ga kunun kanwa, ga farfesu ya sha yaji. Sai kuma turaren tsuguno: ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, in tsuguna a kai ta lulluɓe ni da zani. Audugar da na cire kuwa ba ta minti ɗaya a ƙasa. Nan take za ta naɗe ta, ta kai murhun bayan gida ta ƙone, don ta ce jinin biƙi ba a barinsa a sarari, ba ka san mai nufinka da sharri ba. Na tambaye ta me ya sa darbejiya ba mangwaro ba, me ya sa kanwa, me ya sa sau biyu. Amsarta ɗaya ce, wai in rufe baki kada iska ta shige ni.

Ana gobe suna na fara rawar sanyi. Haƙorana suna haɗuwa, ga mara tana murɗa mini. Ranar suna gida ya cika da mata, kuma kowace da asibitinta a baki. Wata ta ce zazzaɓin nono ne, kowace mai haihuwar fari tana yi. Wata ta ce jini ne ke neman hanya, a ƙara mini kanwa. Matar kawuna ta taɓa wuyana ta ce, "Ai jikinta zafi rau!" Gwaggo ta ce, "Yo ba dole ba? Yanzu ta fito daga wanka. Mai jegon da jikinta ya yi sanyi ita ake wa kuka." Aka yi dariya, aka ci gaba da rabon tuwo. Gwaggo ta yanke hukunci cewa sanyi ne ya shige ni a asibiti, maganinsa kuma ƙarin zafi.

Bayan suna ne na fara jin warin. Na san ƙarnin jini, kowace mace ta san shi, wannan daban ne. Irin warin naman da aka manta a leda ne. Ba ya daɗewa, daga na cire auduga zuwa Gwaggo ta naɗe, sai hayaƙin turare ya bi ta kansa. Na yi ta tunanin ko hancina ne. Rannan dai na daure na ce, "Gwaggo, ni kam kamar ina jin wani wari daga jikina."

Ta ajiye kaskon a hankali, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wari? A hannuna? Rabi, matan layin nan kaf babu wadda ta taɓa faɗa mini wannan magana sai ke da na goya."

Daga ranar turare ya koma sau uku, aka ƙara da zama cikin ruwan bagaruwa. Har maƙwabta sai da suka aiko tambayar wane irin haɗi ne wannan mai tashi har waje.

A sati na biyu Baban Ummi ya zo ya same ni na ƙudundune cikin bargo da tsakar rana, ya ce sai asibiti. Gwaggo ba ta ƙi ba, amma ta ce ba za ta kai wa likitoci ƙazama ba. Ta yi mini wankan da ya fi na kullum, ta turare ni ciki da waje, ta sa mini sabuwar auduga, ta shafe ni da humra. Mai adaidaitan da ya ɗauke mu har tambaya ya yi ko amarya ce.

Muka yi zaman layi tun hantsi har bayan azahar. Likitan saurayi ne, gajiya ta cika masa ido. Ya ji zazzaɓi, ya ji damina, ya tura ni gwajin maleriya. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ta ƙasa fa, babu wata matsala? Jinin lafiya?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Lafiya ƙalau, likita. Ni nake mata wanka."

Ni da ban taɓa barin tambaya ta wuce ni ba, ranar sai na kasa ba da amsa. Ga namiji a gabana, ga Gwaggo a tsaye a kaina, ga ɗakin ya game da ƙamshina. Gwaji ya nuna 'yar maleriya, wa ya rasa ta a Kano da damina? Aka rubuta magani muka dawo. Har yau ba na ganin laifin likitan nan, don ya tambaya.

Magani ya ƙare, zazzaɓi yana nan. Jinin da ya fara raguwa ya dawo da ƙarfi. Ko Ummi aka ɗora mini a ciki sai na ce wayyo. Ina kwance ina ta lissafi a raina. In maleriya ce, me ya haɗa ta da mara? In sanyi ne, ina duk zafin da ake ɗura mini yake tafiya? Kuma zafin jikin nan, nawa ne ko na tukunyar Gwaggo? Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, don ita ce kaɗai zan iya gwadawa da kaina. Na sa Baban Ummi ya sayo mini ma'aunin zafi a kyamis. Da asuba, kafin a ɗora tukunya, ko ruwan ɗumi bai taɓa ni ba, na sa shi a hammata. Ya haura jan layin da mai kyamis ya nuna masa, ya wuce sosai. Wallahi duk da ciwon sai da na ji wani ɗan daɗi, irin na ɗalibin da lissafinsa ya fita.

Saura warin. Ta yaya zan kai wa likita abin da ake ƙonewa kafin ya huce? Washegari Gwaggo ta fita duba wuta, na cire audugar na zura a leda, na ƙara wata ledar, na tura ƙasan jakar kayan Ummi. Sai ka ce kuɗin adashe na sata. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, yau ba zan yi wanka ba, babban asibiti za mu."

"Haka za ki je wa mutane? Ki bari a ce 'yar Tabawa ce?"

"Haka zan je."

Ta ce ba da ita ba. Amma adaidaitar da Baban Ummi ya kawo na tsayawa a ƙofar gida sai ga ta da mayafi, ta goya Ummi, ba ta kalli kowa ba ta shige gaba.

Babban asibiti sai mai haƙuri. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin awo daban, kuma kowace taga ka je sai a ce ba nan ba ne. Ni dai a kan benci na kwanta, Baban Ummi ya yi ta zarya. Allah ya haɗa ni da likita mace, mai ɗan furfura a goshi, ba ta da fara'a amma tana saurare. Ita ma sarkin tambaya ce, nan da nan na ji ta kwanta mini. Yaushe ruwa ya fashe? Yaushe aka haihu? Mabiyiya ta fita gaba ɗaya? Jinin ya ragu sannan ya dawo? Yana wari?

Gwaggo ta gyara tsayuwa za ta yi magana. Na miƙa hannu cikin jakar Ummi na ciro ledar.

Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo haka ba. Ta ce, "Inna lillahi! Rabi, jinin biƙi kika ɗauko kika ratsa titi da shi?" Likita ta sa safar hannu ta kwance ledar. Ba sai an yi bayani ba, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Gwaggo ta kai gefen mayafi hanci, sai kuma ta sauke shi da sauri, ta sunkuyar da kai.

Likita ta ce, "Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ledar ta rage mini rabin aiki."

Ta kwantar da ni, ta danna gefen ciki, ban ji komai ba. Ta danna ɗaya gefen, shiru. Da ta ɗora hannu ƙasan cibiya ta danna, ihun da na yi sai da Ummi ta farka. Ta duba ni ta ƙasa, ta lakato ruwan da ɗan tsinke mai auduga don a kai ɗakin gwaji. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka tura ni hoton ciki. Na ce me ya sa fitsari, alhali ba shi ke mini ciwo ba? Ta ce zazzaɓin mai jego yana da gidaje da yawa, nono, mafitsara, maleriya, mahaifa, sai an ƙwanƙwasa kowace ƙofa kafin a san inda yake zaune.

Da sakamako ya fito ta faɗi sunan ciwon, endometritis, sai da na sa ta maimaita sau uku. Ta ce cikin mahaifa akwai shimfiɗa, ita ce take zubewa duk wata. Inda mabiyiya ta ɓalle kuma ciwo ne ɗanye, faɗinsa ya kai tafin hannu. In ruwa ya fashe aka daɗe ba a haihu ba, ƙofa a buɗe take, ƙwayoyin cuta sai su hau. Ni kuma ga wani ɗan guntun mabiyiya da ya maƙale, ya zama musu abinci. Shimfiɗar ta kumbura, ta fara ruɓa.

Sai a lokacin Gwaggo ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Likita, wankana ne ya jawo mata?"

"A'a, Hajiya. Ba wankanki ya kawo ciwon ba. Amma zafin ruwan ya ɓoye zazzaɓin, turaren ya ɓoye warin. Alamomin da muke nema ke nan."

Ta juyo gare ni ta ce za a kwantar da ni, a yi wankin ciki, a sa magani mai ƙarfi ta jijiya. Yawancin mata suna warkewa da haka. Amma nawa ya daɗe, in magani bai ci ba, mugunya ta taru, dole a shiga tiyata, kuma in aka tarar mahaifar ta lalace ba za a bar ta ta kashe ni ba. Na ce, "A cire ta ke nan?" Ta ce, "In ya zama dole." Na kalli Ummi a bayan Gwaggo, ko arba'in ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba na mutuwa ba, na a ce ita ma ita kaɗai ce.

A nan zan tsaya in yi muku nasihar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ce a daina wankan jego ba, ni ma na ji daɗinsa. Amma a auna zafin mai jego kafin wanka, ba bayansa ba. A shinshina audugar kafin a ƙone ta. Zazzaɓi da ciwon mara da wari in suka haɗu a jikin mai jego, ko wadda ta yi ɓari, ba kanwa suke nema ba. In ruwa ya fashe kada a zauna jiran ciwo. Kuma in likita ya yi tambaya, a bar mai jikin ta amsa da bakinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zaman asibiti kuwa, na gode kuma ina da ƙorafi. Komai sai ka saya, daga safar hannu har filasta, kuma sai an fara aiki za a ce babu kaza, a ruga waje. Baban Ummi ya san kowane kyamis da ke bakin titin nan, babur ɗinsa ma a wannan jinya ya tafi. Akwai wata nas mai faɗa kamar ta ari baki, ta taɓa yi mini tsawa don na tambayi sunan ruwan da aka rataya mini. Ita ce kuma ranar da na ɓata zanina ta wanke ni da hannunta, ba ta ko yamutsa fuska ba. Gwaggo tana kan tabarma a gindin gadona, ita ce wankan Ummi, ita ce wanki, ita ce miƙo mini ita in ba ta nono. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi mini hira ba. Shirun nan nata ya fi allura ciwo.

A gadon kusa da ni akwai Maman Sadik, wata 'yar Hotoro da ta daɗe a ɗakin har ta san dokokinsa fiye da sababbin nas. Ita ta koya mini karatun allon da ke rataye a ƙafar gado, inda ake zana hawa da saukar zazzaɓi. Ita ce kuma ta ce mini, "'Yar uwa, a ɗakin nan kada ki saurari Turancinsu, ki saurari zancen abinci. In suka ce kada ki ci komai, to wuƙa ce. In suka ce ki ci, kin tsira."

An yi wankin ciki, an fitar da guntun. Na roƙa aka nuna mini shi, ɗan abu bai fi kan yatsa ba, na yi ta mamakin yadda ya kayar da ni. Amma zanen allona ya ƙi saukowa. Gwajin tsinken nan ya fito, ya nuna ƙwayoyin ba sa jin maganin farko, aka canza wani mai tsadar gaske. Aka sake hoto, likita ta daɗe tana kallo. Da la'asar nas mai faɗa ta zo, yau babu faɗa, ta ce daga bayan isha kada in ƙara sa komai a baki, ko ruwa. Aka kira Baban Ummi ofis ya sa hannu. Da ya fito ya ce mini wai shiri ne kawai, amma ya kasa haɗa ido da ni. Maman Sadik ta juya fuskarta bango.

Da safe Gwaggo ta leƙa gida ta dawo da fulas ɗin koko kamar kullum. Na ce, "Gwaggo, ai an ce kada in ci." Ta ce, "Na sani. Na kawo ne kawai." Ta rungume shi a cinya ta zauna.

Likita ta shigo da ayarin ɗalibanta. Ta ɗauki allon, ta bi zanen da yatsa, ta sa aka sake auna ni a gabanta. Ta tambayi nas yadda audugar safe take. Ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta ɗora hannu ƙasan cibiyata. Na runtse ido, na cije leɓe ina jiran ciwon. Ta danna. Na ji shi, amma can nesa, irin na tsohon ƙurji. Ta ƙara dannawa da ƙarfi, tana kallon fuskata.

"Da zafi?"

"Kaɗan."

"Kada ki yi mini jarumta."

"Wallahi kaɗan ne, likita."

Ta sa aka turo na'urar hoto har bakin gado, ta shafa, ta duba, ta nuna wa ɗaliban wani abu da Turanci. Ban saurari Turancin ba. Ta goge hannunta, ta rataye allon, har ta juya za ta wuce gado na gaba, sannan ta dubi fulas ɗin da ke cinyar Gwaggo.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

"Koko ne."

"A ba ta."

Maman Sadik ta saki guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, nas ta yi mata tsawa, ba ta fasa ba. Gwaggo ta buɗe fulas da gaggawa, rabin kokon ya zuba a tabarma. Na miƙa hannu in karɓi kofin ta hana ni. Ta ɗebo a cokali, ta hura, ta kawo bakina kamar yadda take mini ina ƙarama. Na kasa haɗiyewa saboda kuka, ita ma hawaye yana bin kumatunta.

Ta ce, "Sha mana, Me-ya-sa. Ki yi ƙarfi. Ummi tana jiran ƙanne."